Kiɗan da Ya Ratso Bango

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe irin na da ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta yi maganata sai ta ce "wancan", in abin ya matsa ta ce "yaron nan", alhali yau furfura ta cinye mini rabin gemu. Ana yaye ni kakata ta wajen uwa ta ɗauke ni, a hannunta na girma a Zariya, ita nake ce wa Iya. Ƙannena suna ce wa mahaifiyarmu Inna, ni kuwa Hajiya nake ce mata, sai ka ce wani maƙwabci. Na san alkunya ce irin wadda uwa ke yi wa ɗan fari, ba ƙiyayya ba ce. An gaya mini haka tun ina yaro, na kuma yarda, amma yardar ba ta taɓa rage mini zafin abin ba.

Autanmu kuwa, tabɗi! Shi ne shalele. Injiniya ne a wani kamfanin gas a nan Doha, gida guda yake da shi a Gharrafa, da bene da ɗan fili a gaba inda yaransa ke tuƙa keke. Ni ma a Doha nake, direban limozin, wato tasin da ake kira ta waya. Gado ɗaya ne nawa a wani ɗaki a unguwar da ake kira Matar Qadeem, ni da wasu 'yan uwa masu aikin gadi. Na riga shi zuwa ƙasar. Ni na tarbe shi a filin jirgi ranar da ya sauka, ni na nuna masa shagon da ake samun garin masara da busasshiyar kuɓewa. Allah shaida ne, ba na baƙin ciki da arzikinsa. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa kirana da wani abu da ya wuce Yaya ba, kuma in na shiga gidansa sai ya tashi ya ba ni kujera. Wannan ladabin nasa ma har haushi yake ba ni, don ya hana ni samun dalilin jin haushinsa.

Shekarar da gwiwar Hajiya ta matsa mata, Auta ya kawo ta aka yi mata aiki, ta zauna a gidansa tana jinya. In na samu sarari da la'asar sai in biya. In cire takalmi, in zauna a kan kafet can bakin ƙofar falo, in ce, "Hajiya, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi," idonta na kan carbinta. Sai ta ɗaga murya ta ce wa matar Auta, "A zuba wa wancan abinci." Shi ke nan hirarmu ta ƙare. Shi kuwa gogan naka, mutum mai 'ya'ya har uku, yana dawowa daga aiki zai jefar da jaka ya zube a gefenta, ya ɗora kai a kan lafiyayyar ƙafar, tana shafa masa kai tana tambayarsa me ya ci da rana. Ni ina can ina tura shinkafa, wallahi ko ɗanɗanonta ba na ji.

Akwai wani abu da Hajiya ke rerawa tun muna yara. Ba shi da baiti, ba shi da kalma ko ɗaya, a maƙogwaro take yin sa baki a rufe, da murya mai kauri, yana sauka a hankali kamar mai saukowa daga bene da kaya a kai, sai ya tsaya, ya koma baya kaɗan, ya sake saukowa. Ina ɗan makaranta, in na zo hutu gidan mahaifinmu, nakan ji ta tana yin sa da Auta goye a bayanta tana tankaɗe. Duk gidan "waƙar Auta" ake ce masa. Ni ban san kowa ya taɓa rera mini komai ba. Iya mace ce mai kirki, amma rarrashinta ɗaya ne, ta ce ka yi shiru ko ta kira dodo.

Wata la'asar ina zaune a wurina na bakin ƙofa, ta fara rerawa tana shafa kan Auta. Sai ya ce, "Inna, wai waƙar nan tawa, wa ya yi ta ne?"

Ta ce, "Ba waƙa ba ce. Kiɗa ne irin na coci, da abin nan nasu da ake dannawa da yatsu."

Auta ya tashi zaune. "Coci kuma, Inna? Ina ke ina coci?"

"Ni ban shiga ba. Ta bango na ji."

"A ina? Yaushe?"

"Kai dai da tambaya kamar ɗan sanda," in ji ta. Sannan ta ce, "Da dai zan sake jin sa sau ɗaya kafin in koma ga Allah. In ji ko haka yake, ko ni ce na ɓata shi da tsufa."

Auta ya ce, "Khalas, Inna, ki ɗauka an gama." Ya zaro waya, ya buɗe wata manhaja wadda in ka rera mata abu take gaya maka sunansa. Hajiya ta rera, wayar ta yi tunani, ta kawo waƙar Indiya. Ta sake rerawa, ta kawo wani kiɗan rawa na Turawa. Hajiya ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Sai Auta ya ɗauki muryarta ya jefa a grup ɗinmu na 'yan gida, ya rubuta cewa ana cigiya. Kafin in gama wanke hannu ƙannena mata sun cika grup ɗin, wannan ta ce Allah sarki waƙar Auta, waccan ta ce Auta ɗan gatan Inna. Na kashe wayar na sa a aljihu.

A hanyar komawa Matar Qadeem na yanke shawara, ban gaya wa kowa ba. Ni zan nemo kiɗan nan. Kuma ba zan yi wa kaina ƙarya in ce don lada ba ne kaɗai. So nake sau ɗaya a rayuwata in kawo mata abin da Auta ya kasa kawowa, ta ɗago ta dube ni, ta ce Allah ya yi maka albarka, da bakinta zuwa kunnena, ba "a gode wa wancan" ba. Likita ya ce ƙarshen wata za ta iya hawa jirgi ta koma gida, don haka lokacin da nake da shi kaɗan ne.

Abu ɗaya na fi Auta da shi, shi ne fasinja. A Doha ranar Juma'a ce ranar hutu, don haka da safiyarta Kiristoci ke zuwa ibada. Coci-cocinsu duk a wuri ɗaya suke, cikin wani katafaren shinge a bayan gari, kuma kowace Juma'a nakan yi sawu a can kafin in wuce masallaci. Ban taɓa shiga ba, iyakata filin ajiye motoci. To daga wannan makon duk wanda ya shiga motata zai tafi can, sai in gaishe shi da Turancina na direba, in ce ina da tambaya, in kunna masa muryar Hajiya.

Na sha kallo. Wata 'yar Filifin ta saurara ta ce muryar ta tuna mata da kakarta, ta fara share hawaye, amma kiɗan ba ta san shi ba. Wani Ba'indiye ya rantse nasu ne, ya kama rera wani abu daban da ko kusa bai yi kama ba, bai kuma daina ba har muka isa. Wani Balarabe ɗan Lebanon ya ce in kashe, kansa na ciwo, yalla, wato maza, mu tafi ya makara. A ɗaki kuma ga abokan zamana. Ɗaya daga cikinsu, wani Bakano mai bakin tsiya, ya ji ina sauraren kiɗe-kiɗen coci a waya ina gwadawa da muryar Hajiya, sai ya ce, "Malam, in sauya layi za ka yi ka gaya mana da wuri, mu san wanda zai gaji dardumarka." Na ce masa ya ji da gadinsa. Ban yi masa bayani ba, don in na ce uwata nake nema wa, zai tambaye ni me ya sa ban haɗa kai da ƙanina ba, ni kuwa ba ni da amsar da zan iya faɗa a gaban mutane.

Shi ma Auta bai zauna ba. Ya ce akwai wani Bature a ofishinsu da ƙanwarsa ke waƙa a coci a ƙasarsu, ya tura mata muryar, ana jira. Allah na tuba, ranar a sujada ban roƙi Allah ya hana shi samu ba, amma ban roƙa masa samu ba, kuma ni na san abin da zuciyata ke faɗa a ƙasa.

Juma'ar da ta biyo na ɗauki wata mata daga unguwar Muntazah. Ta ji ina amsa waya da Hausa, sai ta ce, "A'a, Baba, ashe ɗan gida ne! Sannu da aiki." Nas ce, 'yar Jos. Na kunna mata, ta karkata kai ta saurara, ta ce gaskiya ba ta san shi ba, amma akwai wani dattijo da ke buga musu ogan, wato wannan abin kiɗan na coci, malamin kiɗa ne a wata makaranta a nan, kuma mutumin wajen Zariya ne. Ta ce in na iya jira a tashi, za ta kawo mini shi.

Na jira. Rana ta buɗe, filin motocin nan ya yi zafi kamar tanda, ina ta duban agogo don kada in rasa Juma'a. Can sai ga ta da wani dogon tsoho mai farin gashi da tabarau, ya shigo gaban mota ya miƙo mini hannu. Hausarsa ta fi tawa tsabta, ta Zazzau sak. Muka gaisa, ya tambaye ni unguwarmu, na faɗa, ya ce ya san masu ɗinkin hula na bakin kasuwar. Sannan na kunna.

Ya rufe ido. Da ta ƙare ya ce in sake. Na sake. Sai na lura yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa, suna tafiya tare da muryar Hajiya, hannun dama kuwa yana kwance.

Ya ce, "Malam, a ina ta ce ta ji shi?"

Na ce, "Ba ta faɗa ba, Baba. Ta dai ce ta bango ta ji."

Ya buɗe ido ya yi dariya. "To ai ka gama ba ni amsa. Kai direba ne. In mota ta wuce ka da kiɗa, gilashi a rufe, me kake ji?"

Na ce, "Dum-dum ɗin kawai."

"Yauwa. Bango ba ya barin siririyar murya ta wuce, sai mai kauri. Abin da mahaifiyarka ke rerawa ba kan kiɗan ba ne, gindinsa ne, abin da hannun hagu ke yi. Kan yana hannun dama, shi kowa ya sani, shi waya ke nema, ita kuwa ba ta taɓa jin sa ba. Ko shekara za ku yi kuna tambayar masu waƙa ba za su gane ba, sai wanda ya taɓa buga shi."

Na ce, "To kai ka gane shi, Baba?"

Ya ce yatsunsa sun san shi, amma kansa bai tuna ba tukuna. Ya ce kuma wurin nan da take tsayawa ta koma baya, ba ya cikin kiɗan. Mai koyo ne yake tuntuɓe a wurin kullum yana sakewa, ita kuma ta haddace har da tuntuɓen. Ya karɓi muryar a wayarsa, ya ce in ba shi zuwa wata Juma'ar. Da ƙyar na samu sahun baya a masallaci, a waje, kan kwalta mai zafi, amma ban damu ba.

A cikin makon ƙanwar Baturen ta aiko wa Auta da kiɗa biyu da take zato. Ina zaune a bakin ƙofa ya kunna wa Hajiya. Ta saurari na farko ta girgiza kai. Ta saurari na biyu ta ce, "Kai, wannan ai hayaniya ce." Auta ya yi tsaki ya ce shi kam ya gaji, wataƙila ma kiɗan babu shi a duniya. Ranar na cinye abincina tas har na nemi ƙari, matar Auta tana mamaki.

Juma'a na zuwa dattijon ya fito da fara'arsa. Ya ce yana cikin aske gemu abin ya faɗo masa. Wani Bature ne ya tsara shi, mai kiɗan coci da ya mutu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Ya faɗi sunan mutumin da sunan kiɗan, wani dogon abu da harshena ya ƙi ɗauka, sai da ya rubuto mini a waya. Ya ce ba a rera shi da baki, bugawa kawai ake yi a hankali mutane na zaune shiru, kuma a kwanakin Kirsimeti ake yin sa. Ya ce a coci-cocin mishan na da akwai ƙaramin ogan da ake ba iska da ƙafa, da irinsa aka koya masa shi yana saurayi. Sannan ya turo mini abin da ya ɗauka da kansa bayan an tashi: da farko hannun hagu shi kaɗai, daga nan hannu biyu tare. Muka saurara a motar. Da hannun hagun ya fara sai na ji Hajiya ce sak, ba ragi ba ƙari, in ban da tuntuɓen. Na yi masa godiya har na rasa kalma, na ce ko zan kai shi gida kyauta. Ya ce yana da mota, in dai gaishe masa da Hajiya.

To ga kiɗa a aljihuna, sai kuma na kasa bayarwa. Sau da yawa na je Gharrafa da niyya. In zauna a bakin ƙofa, in ce ya jiki, ta ce da sauƙi, hannuna na kan waya a aljihu. Yaya zan yi? In taso in zo gefenta in zauna? Ban taɓa yi ba. In ce Hajiya ga abin da na samo miki? A gaban surukarta da jikoki? Kunyata da take ji ashe ni ma ta kama ni tuntuni, ban sani ba. Hanya mai sauƙi ita ce in ba Auta ya kunna mata, wannan kuwa ko za a yanka ni ba zan yi ba. Haka kwanaki suka ƙare har ranar tafiya ta zo.

Ni na kai su filin jirgi da hantsi, don motata ta fi ɗaukar kaya. Hajiya da Auta suna baya, shi zai raka ta har ciki. Muka fito daga Gharrafa muka hau babban titi, yana ta lissafa mata magunguna, tana ta ce masa to. Na ga in na bari muka isa shi ke nan. Na haɗa wayar da rediyon mota, na danna, ban ce komai ba.

Hannun hagu ya fara saukowa a hankali. Auta ya bar lissafin magunguna. Ta madubi na ga Hajiya ta saki carbi a cinya.

Ta ce, "La'ilaha illallahu. Shi ne. Wallahi shi ne."

Sai hannun dama ya shigo, wata siririyar murya mai taushi tana yawo a kan mai kaurin. Ta kama baki. "Ashe haka samansa yake? Shekara da shekaru ashe rabi nake riƙe da shi." Ta juya ta dafa kan Auta. "Allah ya yi maka albarka, Auta. Allah ya ba ka masu yi maka. Yadda ka faranta mini, Allah ya faranta maka duniya da lahira."

Kai! Saura kaɗan in hau bayan wata motar ɗaukar ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ni na gasu a filin motoci, ni na sha tsiyar Bakano, ni na yi sallah a kan kwalta, ga albarkar tana sauka a kan wanda ya ce kiɗan babu shi a duniya. Na damƙe sitiyari, na ce a raina ba zan yi magana ba ko zan mutu.

Auta ne ya yi. Ya ce, "Inna, ba ni ba ne fa. Yaya ne ya samo. Ni ban ma san yana nema ba."

Kiɗan ya ci gaba. Na saci kallo a madubi. Ta janye hannunta daga kansa, ta juya fuska ga taga, tana kallon dogayen gine-gine kamar yau ta fara ganinsu. Na jira. Har kiɗan ya ƙare tana kallon tagar. Na ce a raina to shi ke nan, an yi an gama, haka Allah ya rubuta mini.

Sai ta yi gyaran murya. Ba ni ta kalla ba, ba ta kuma daina kallon taga ba.

"Auta, ka tambaye ni inda na ji shi. Lokacin da aka samu wancan ne. Ina gidanmu goyon ciki, abin ya zo da gardama, aka kwashe ni zuwa asibitin mishan da ke bayan gari. Lokacin sanyi ne. Da aka same shi bai yi kuka ba, ya ƙi kama mama, ɗan mitsitsi. Aka sa shi a wani ɗan gado a gefena. Iya na zaune, gwaggo na zaune, dangin ubanku suna shiga suna fita. Ina ni ina kallonsa a gabansu? Ko in tambaya yana numfashi ko ba ya yi, ba dama. Sai in juya fuskata ga bango in yi kamar barci nake."

Ni dai titi nake kallo, amma ba na ganin sa sosai.

"Bayan bangon nan cocinsu ne. Kullum da la'asar wani yana koyon kiɗan nan, ya yi ya ɓata ya sake. In na ji an fara sai in ce alhamdulillahi, yau ma mun kai la'asar ba a rufe shi da zane ba. Da shi nake gane kwana. Har Allah ya sa ya kama mama aka sallame mu." Ta ja numfashi. "Ban taɓa rera masa ba. Da wane ido? Ana yaye shi Iya ta ɗauke. Kai da ka zo a ƙarshe, babu mai sa mini ido, sai na sauke a kanka."

Auta ya ce, da wata 'yar ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, "Ashe ba tawa ba ce, Inna?"

Ta ce, "Aro ka ci."

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗin yadda fuskarsa ta faɗi. Na ji daɗi ƙwarai. Amma daɗin bai kai ko'ina ba. Ko labarin nawa ma shi aka ba, ni ƙeyata ce ta saurara. Shi ya sha goyon, shi ya sha muryar, shi aka shafa wa kai har ya girma ya haihu. Na so in taka birki in juyo in ce Hajiya ga ni nan fa, ni ne wancan ɗin, ki gaya mini. Ban yi ba. Na san in na juyo za ta yi shiru, wataƙila har abada. Na wuce mahaɗar da ya kamata in bi, sai da muka yi dogon zagaye, kuma babu wanda ya ce mini kanzil.

Da muka tsaya a wurin sauke matafiya, Auta ya share fuska ya ce, "Inna, kawo wayarki, in Yaya ya turo mini sai in sa miki." Ya miƙa hannu. Ta buɗe jaka ta lalubo wayar. Sai ta zagaye hannunsa, ta miƙo ta tsakanin kujeru, ta ajiye a gefen gwiwar hannuna.

Ta ce, "A sa mini. Duka biyun, da rabin da cikakken."

Na ɗauka na sa mata. Mai gadin wurin yana buga mini gilashi yana cewa yalla yalla in matsa, ban ko dube shi ba. Da na gama na miƙa baya ba tare da na juya ba, ta karɓa. Auta ya kawo keken marasa lafiya ya zaunar da ita, na sauke akwatuna. Na durƙusa na ce, "Hajiya, Allah ya kiyaye hanya." Ta ce wa akwatunan, "Amin. A riƙa tuƙi a hankali." Ya tura ta suka shige, ina ganin hannunsa a kafaɗarta har ƙofar gilashin ta rufe.

Da yamma Auta ya kira ni, ya ce ta tashi lafiya. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Yaya, don Allah ka turo mini kiɗan nan, ina so in ji samansa sosai." Na ce to, in na samu sarari. Ya sake tuna mini bayan babbar sallah, ya sake da azumi. Har yau ban tura masa ba.